Toyota Highlander daga 2001 zuwa 2023: Wacce ta fi jin totur?

Duk mai zirga-zirga a kan hanyar da ba a raba ta biyu ba ya san lokacin da ake gane mota: ka biyo tirela mai tafiyar hawainiya, ka leƙa ka hango wata motar tana tahowa daga nesa, ka taka totur kana jiran ka ga abin da injin zai yi. A kan wannan ma'auni na auna Toyota Highlander, motar da ta cika titunanmu, mafi yawanta 'yan gwanjo ne daga Amurka. Na tuƙa samfura uku na farko, na huɗu kuwa na dogara ne da alƙaluman kamfanin da gwajin mujallun motoci.

Samfurin farko, wanda ya fito a 2001 aka ci gaba da yinsa har 2007, an gina shi ne a kan ƙashin Camry, shi ya sa tuƙinsa ya fi kama da na ƙaramar mota duk da tsayinsa. Mai silinda huɗu, lita 2.4, yana ba da ƙarfin doki 155, kuma gaskiya bai ishi motar ba da zarar an cika ta da mutane da kaya. Mai silinda shida, lita 3.0, yana ba da 220 tare da giya huɗu, kuma yakan ɗauki kusan daƙiƙa 9 kafin ya kai gudun kilomita 97 a awa daga tsaye. A 2004 aka sauya shi da lita 3.3 da giya biyar, lokacin ya sauko zuwa wajen daƙiƙa 8. Wannan bambanci na daƙiƙa guda ana jinsa a jiki, domin giyar ta biyar ta rage tazarar da ke tsakanin giyoyin, injin ba ya yin sanyi idan ya canza.

Babban tsallen ya zo ne da samfuri na biyu a 2008. Motar ta ƙara tsawo da faɗi da nauyi, amma an sa mata injin 2GR-FE, lita 3.5, mai ƙarfin doki 270, wanda ya kai ta kusa da daƙiƙa 7. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne zuciyata ta kwanta. Na taɓa tasowa daga Kano zuwa Katsina mu bakwai a ciki, bayan motar cike da buhunan tsaraba, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, na riski wata tankar mai tana tafiya da ƙyar. Ina taka totur har ƙasa sai giyar ta sauko hawa biyu, allurar juyin inji ta miƙe, muryar injin ta canza daga gunaguni zuwa ruri, kafin ƙanina da ke gefena ya gama cewa “a hankali, Yaya” mun riga mun koma hannunmu. Abin da ya burge ni shi ne motar ba ta yi jinkiri ko inda-inda ba tsakanin taka ƙafa da amsawa. Akwai kuma mai silinda huɗu, lita 2.7, ƙarfin doki 187, da aka ƙaro a 2009. Ya dace da kai yara makaranta da zuwa kasuwa, amma ba zan shawarci matafiyi ya saye shi ba.

Daga nan sai labarin ya tsaya cik, kuma wannan ne abin da dillalai ba su cika faɗa ba. Samfuri na uku, na 2014, ya riƙe injin nan mai 270, aka ƙara masa giya ta shida kawai. A 2017 aka kawo 2GR-FKS mai ƙarfin doki 295 da giya takwas, wanda a takarda ya kamata ya bar na baya nesa, amma a kan kwalta ribar ba ta wuce ɗan ɓangaren daƙiƙa ba. Dalili biyu ne. Motar ta kusa tan 2, saboda ƙarin ƙarfe na kariya da kayan alatu, sannan an saita giyar ta riƙa gaggawar hawa sama don tsimin mai, ta yadda idan ka taka ba zato sai ta ɗan yi tunani kafin ta zaɓi inda za ta sauka. Tana da gudu, babu musu, sai dai a wurin wuce tirela amsar gaggawa ta fi yawan doki amfani.

Samfuri na huɗu ya fara a 2020 da wannan injin na 295, kafin a 2023 kamfanin ya ajiye silinda shida gaba ɗaya, ya maye gurbinsa da mai silinda huɗu, lita 2.4, mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Ƙarfin dokin ya ragu zuwa 265, amma ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da inji ke juya tayoyi da shi, wanda ake aunawa da Nm, ya tashi daga wajen 357 zuwa 420, kuma yana samuwa tun injin bai yi juyi da yawa ba. Masu gwaji sun samu cewa daga tsaye ba ta fi wadda ta gada sauri ba, har ma ta ɗan gaza ta, amma a cikin gari ta fi saurin ɗagawa. Mazauna Jos da sauran wurare masu tudu za su fi cin moriyarta, domin injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, saboda iska ta yi sirara, turbo kuwa yana cike mafi yawan wannan giɓi. Mai haɗa fetur da lantarki ta wannan samfuri tana ba da 243, kuma an yi ta ne don tsimi, ba don tsere ba.

Duk waɗannan alƙaluma na sabuwar mota ne. Wadda na saya ta iso hannuna tana nishi a kan ƙaramin hawa, har na fara zargin giyarta, sai bakanike ya ciro fulogi guda ya nuna mini bakinsa ya cinye, ya kaɗa matatar iska ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun gari. Mai ita na baya ne ya yi sake da ita. Bayan an sauya waɗannan da man giya, sai ta koma kamar ba ita ba.

Idan fizga ce kaɗai ake nema, kuɗin da za a ƙara don sayen ta 2017 ba zai sayi saurin da ya kai shi ba, kuma ni ta 2008 zuwa 2013 mai silinda shida zan sake ɗauka. Kafin a biya, a fita da ita babbar hanya da mutum uku ko huɗu a ciki, a kunna na'urar sanyi, a daidaita gudu a kan 80, sannan a taka har ƙasa a ƙirga daƙiƙun da za ta ɗauka kafin allura ta taɓa 120.