Darasin tanis a Maraɗi: kocin da ya fara da ƙafata kafin ya taɓa hannuna

Abokai da dama sun tambaye ni ko darasin tanis ɗin da nake biya duk wata ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, musamman ga wanda bugun tafin hannu (wato bugun raket da ake yi tafin hannu na fuskantar ƙwallo) ke ba shi wahala, duk da akwai wuraren da aikin bai gamsar da ni ba. Kocin saurayi ne ɗan garin nan, ya koyi wasan a Yamai lokacin da yake karatu, yanzu yana koyarwa a wani filin siminti, da safe bayan an fito sallar asuba da kuma bayan la'asar.

Na je masa da ciwon da yawancinmu da muka shiga wasan da girma muke fama da shi. In na buga da tafin hannu, ƙwallo sai ta karkace ta yi dama, ko ta tashi sama ta wuce layin baya, ga gwiwar hannu tana zogi da dare. Ya tsaya gefe ya kalle ni ina buge-buge, bai ce uffan ba sai da kwandon ƙwallaye ya ƙare. Sannan ya ce: "Yaya, hannunka lafiya lau yake. Makara kake yi."

A kan wannan magana ya gina duk abin da ya koya min, kuma ita ce ta sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne. A irin wasan da muke yi, daga lokacin da abokin karawa ya buga zuwa lokacin da ƙwallo za ta iso gare ka, daƙiƙa ɗaya ce da 'yan kai, kuma mafi yawan wannan lokaci yana ƙarewa ne tun kafin ta dira ƙasa. Wanda ya jira sai ta dira sannan ya fara ja da raket baya, ya riga ya rasa ta. Za ta same shi a gefen ƙugu ko ma bayansa, fuskar raket na kallon dama, jiki bai juyo ba, sai gwiwar hannu da wuyan hannu su ɗauki nauyin da ya kamata ƙafafu da ƙugu su ɗauka. Karkacewar da zogin tushensu ɗaya.

Saboda haka a farkon zuwana bai bar ni na buga da ƙarfi ba ko sau ɗaya. Ɗan tsalle ya fara koya min, wanda ake yi da ƙafa biyu daidai lokacin da raket ɗin abokin karawa ke taɓa ƙwallo, don ka sauka a kan yatsun ƙafa a shirye ka nufi kowane ɓangare. Daga nan sai juya kafaɗu. Hannun hagu yana riƙe da wuyan raket, kafaɗu da ƙugu su juya tare tun ƙwallo ba ta ƙetare raga ba, sannan hannun hagun ya saki ya miƙe a gefe. Ya ce min in tuna ɗan dambe: hannun da ba a ɗaure ba yana gaba yana auna tazara, na ɗaure yana baya yana jira, naushin kuma daga ƙafa da ƙugu yake tasowa. Da ya faɗi haka na gane abin da yake nufi nan take. Har yanzu muryarsa na kunnena, yana ta "Juya! Juya!" tun ƙwallo na sama.

Akwai wata dabara da ta yi min amfani fiye da yadda na zata. Yana sa ka faɗa da baki, da ƙarfi, "dira" a lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙasa, "buga" a lokacin da ta taɓa raket. Ido ba ya iya barin ƙwallo in baki na jiran faɗar kalmar, kuma kunne yana fara riƙe tazarar da ke tsakanin biyun. Yana haɗa wannan da ƙwallaye masu ɗigon kore, waɗanda hukumar tanis ta duniya, ITF, ta yaɗa amfani da su a shirinta na koyar da sababbin 'yan wasa da ta ƙaddamar a 2007. Gudunsu bai kai na ƙwallon yau da kullum ba da kusan kashi 25 cikin ɗari, tashinsu ma bai kai ba. Na ji wani dattijo yana ƙorafin cewa ƙwallon yara ce aka ba shi. Ni ban ga abin ƙorafi ba, don wannan ɗan lokaci da take ƙara maka shi ne ke ba jiki damar koyon tsarin bugun kafin a ƙara masa sauri.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da yake yi da salularsa. Yakan ɗauki bidiyon mutum daga gefe a hankali-hankali, in an sha ruwa a zauna a kan benci ƙarƙashin dogon yaro a duba. Ya sa babban yatsa yana jan hoton kaɗan-kaɗan har ya tsayar da shi daidai inda ƙwallo ta nutse cikin igiyoyin raket. A bidiyon farko gwiwar hannuna na manne da haƙarƙari, nauyina duk yana kan ƙafar baya, idona kuwa ya riga ya tafi can ƙetaren raga yana neman inda ƙwallo za ta faɗa. Sai ya buɗe min hoton shahararren ɗan wasan tanis Roger Federer a daidai wannan gaɓa: hannu a miƙe gaban jiki, kai bai motsa ba, ido na nan a wurin haɗuwar ko bayan ƙwallo ta tafi. Ya ɗauki alli ya ja layi a ƙasa, ɗan gaba da ƙafata ta hagu, ya ce nan yake son mu riƙa haɗuwa da ita. A bidiyon baya-bayan nan, a kan layin nake samunta sau da yawa.

Sai da lokacin ya daidaita sannan ya shiga maganar murza ƙwallo. Ragar tanis santimita 91.4 ce a tsakiya, mita 1.07 a bakin sanduna, shi ya sa yake nacewa a riƙa bugawa kusurwa zuwa kusurwa, inda ragar ta fi gajarta, filin kuma ya fi tsawo. Yakan ɗaura igiya sama da raga da kamar mita ɗaya ya ce a bi ta samanta. Dole kan raket ya sauka ƙasa da ƙwallo, ya goge bayanta yana hawa, ya ƙare a kafaɗar hagu. Ƙwallon da aka murza haka takan yi sama, sai ta sunkuyo ta faɗa cikin fili.

Inda muka saɓa da shi shi ne riƙon raket. Mariƙin raket gefe takwas gare shi, kuma shi kowa yake so ya mayar kan riƙo ɗaya, wanda ake samu in an ajiye raket kwance a ƙasa aka ɗauke shi yadda yake. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A kan siminti, ga zafin garin nan da ke sa ƙwallo ta ƙara tashi, yawancin ƙwallaye tsakanin ƙugu da kafaɗa suke zuwa, wannan riƙo kuma da su ya dace. Yakan kawo misalin Rafael Nadal, wanda murzarsa ta taimaka masa ya ci babbar gasar Roland Garros ta Faransa sau 14. To amma yaro ɗan shekara goma sha biyu daban, magidanci mai wuyan hannun da ya riga ya ƙage daban. Na gwada da zuciya ɗaya, wuyan hannuna ya ƙi, ƙwallon da ta zo ƙasa-ƙasa kuma ɗaukarta ta zama aiki. Na koma riƙon da ya yi kama da musabaha, wanda Federer ya ci manyan gasa 20 da kusan irinsa. Kocin ya bar ni, amma sai da muka ja. Ina ganin ya kamata ya riƙa duba shekaru da jikin kowane ɗalibi kafin ya yanke.

Sauran ƙorafina na kayan aiki ne da tsari. Ƙwallayen cikin kwandonsa da yawa sun sanƙe, iskarsu ta fita. A manyan gasa ana sauya ƙwallaye bayan zagaye 7 na farko, daga nan duk bayan 9, mu kuwa a kwando ɗaya za ka ci karo da mai tashi har ƙirji da wadda ba ta wuce gwiwa. Ga mai koyon daidaita lokaci wannan babbar illa ce. Na san ba laifinsa ba ne shi kaɗai, don sai an yi saƙo Yamai ko Kano ake samun masu kyau, haka ma in igiyar raket ta tsinke sai an aika. A lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kan simintin ta sa shi santsi, shara kuma ba kullum ake yi kafin a fara ba. Ranar Asabar yara kan cika filin, tsayuwa cikin layi ta fi bugu yawa.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙarancin wasa na gaske. Ƙwallon da koci ya jefo daga kwando ka san inda za ta da saurinta, ta abokin karawa kuwa ba ta ba ka labari. Har yanzu in na haɗu da mai bugu da ƙarfi, ko aka ja ni can gefe, makarar takan dawo. Amma zogin gwiwar hannu ya tafi, ƙwallayena suna faɗawa kusa da layin baya, kuma ko daga ƙarar igiyoyi ina jin bambancin wadda na tara a gaba da wadda ta riga ni.

Mai son zuwa ya zaɓi safiyar ranakun aiki, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ya taho da gwangwanin ƙwallayensa da ruwa mai yawa, ya nemi a ɗauke shi bidiyo tun ranar farko, in yana da ciwon wuyan hannu kuma ya faɗa kafin a taɓa masa riƙo. Ni na sake biyan wata mai zuwa, bisa sharaɗin rabin kowane darasi ya zama wasa da ƙirgen maki, kuma ya amince.