Biro mai magana da katunan koyon Sinanci: abin da na gani a gidana

Kayan wasan nan kwali ne guda: biro mai kauri da ake yi wa caji kamar waya, da katuna masu hotuna. Yaro ya dangwala bakin biron a kan hoto, sai murya ta faɗi sunan abin da Sinanci. Ƙanen maigidana ne ya zo da shi daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda yake saro kayan waya. Ya ce ya gaji da biyan tafinta, gara yaran gida su tashi da yaren a baki. Ni malamar firamare ce a nan Mabera, don haka da idon aji na dube shi, a kan 'yata ta aji biyu da ɗan kishiyata na aji ɗaya.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen kunne. Sinanci na da karin sauti huɗu, kuma in ka karkata muryar, ma'ana ta sauya. "Ma" ɗaya tana iya zama uwa, tana iya zama doki. An ce nan Turawa ke shan wuya. Yaranmu kuwa da nono suka sha wannan, tun da ba Bahaushen da zai rikita kukan jariri da kukar miya. Akwai wasan da biron ke furta gaɓa, yaro ya nemo katin da ya dace. In ya ci a yi mai tafi, in ya faɗi a sake. Sai ka ga sun lanƙwasa wuya suna bin muryar sama da ƙasa, suna gardamar wa ya riga wani.

Ƙirga ma ta zauna da wuri. A rubutun Sinanci, ɗaya zane ɗaya, biyu zane biyu, uku zane uku. Da suka iso huɗu suka tarar da wani ɗan akwati, ƙaramin ya ce, "Inna, sun yi mana wayo!" Katin ya kuma nuna yadda Sinawa ke ƙirga har goma da hannu guda. Yanzu in na aike su sayen magi, da yatsu suke tambayata guda nawa.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ƙasan kowane hoto akwai pinyin, wato rubutun Sinanci da haruffan boko wanda ƙasar Sin ta amince da shi a 1958. Ɗanmu da ya koyi "c" ta ciki da cokali, a can sai ya tarar ta fi kusa da "ts", "q" ce ke ɗaukar aikin "c" ɗinmu, "x" kuma ta yi kamar "sh". Ga yaron da bai gama gane baƙaƙen Hausa da na Turanci ba, ga kuma allo da yamma, lodin ya yi yawa. Na sa takarda na liƙe layin, na bar su da hoto da murya.

Hotunan kansu na yaran can ne: dusar ƙanƙara, dabbar fanda, tsinken cin abinci. Ba raƙumi, ba gero. Katin alade maigida ya zare shi tun daren farko, ban ce komai ba. Bayanin cikin kwalin kuma ba Hausa, Turancin ma a karye yake. Muryar biron ba ta da ƙarfi. In janareton maƙwabta ya tashi, sai an kara shi a kunne.

Sannan kalmomi yake koyarwa, ba zance ba. Bayan gaisuwa da godiya, ba za su iya haɗa jimla ba, kuma in ba babba a kusa, cikin ɗan lokaci katunan sun koma kuɗin wasan 'yar kasuwa. Mai son ɗansa ya kai ga jarrabawar YCT, wadda aka tsara don yara masu koyon Sinanci, sai ya nemi malami, abin da ke da wuyar samu a Sakkwato. Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci da na sani suna Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka. Ga ɗan shekara shida zuwa takwas dai zan ce a saya, in har akwai mai zama da shi bayan la'asar.