Garin Bakteriya na Tsaftace Ruwan Garken Aladu: Wari Ya Ragu, Amoniya Tana Nan

Duk wanda ke kiwon aladu a Kudancin Kaduna, musamman masu kai dabbobinsu kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan, ya san cewa ruwan wankin garke ne kan fara haɗa shi faɗa da maƙwabta tun kafin tsadar dusa ta dame shi. Wannan ne ya sa garin ƙwayoyin bakteriya da ake sayarwa cikin leda a shagunan magungunan dabbobi ya samu kasuwa, domin an rubuta a jikinsa cewa yana kashe wari, yana narkar da kashi, yana kuma cire naitirojin, wato sinadarin da fitsari da kashi ke bari, daga ruwa. Na zuba irin wannan gari a ramin da ruwan garkenmu ke taruwa tun daga ƙarshen damina har hunturu ya wuce, kuma a ganina ya cika alkawura biyu na farko, na ukun kuwa ya rataya ne a kan abubuwan da ba sa cikin ledar.

Ta fuskar wari ba ni da ƙorafi. Ana jiƙa garin a bokiti da ruwan rijiya, a bar shi ya ɗan jima, sannan a watsa a rami. Bayan wasu makonni ɓawon nan mai kauri da ke rufe saman ruwan ya fara tsattsagewa, ƙudaje suka ragu, ruwan kuma ya tashi daga baƙi ƙirin ya koma ruwan ƙasa. Sai dai zarnin fitsari mai hawa kai bai gushe ba, kuma da na gwada ruwan da 'yar kwalbar gwajin amoniya (siffar naitirojin da ke kawo wannan zarni) irin ta masu kiwon tarwaɗa, launin ya ƙure ma'aunin ko bayan na sirka shi da ruwa mai tsabta.

Dalilin yana rubuce a bayan ledar da ƙananan haruffa, inda aka ce abin da ke ciki dangin Bacillus ne. Waɗannan ƙwayoyi suna iya lulluɓe kansu su jure bushewa da zafin shago, kuma gwanaye ne wajen cinye ragowar abinci da kashi. Amma aikin juya amoniya zuwa wasu siffofin naitirojin na wasu ƙwayoyin ne dabam, irin waɗanda masanin Rasha Sergei Winogradsky ya fara warewa a wajajen 1890: Nitrosomonas ke mayar da amoniya naitirait, sannan Nitrobacter da Nitrospira su mayar da shi naitiret. Su ba sa jure bushewa sosai, suna hayayyafa a hankali, kuma masu ƙishirwar iska ne, domin kowane giram ɗaya na naitirojin ɗin amoniya yana cin kusan giram 4.6 na oksijin kafin ya zama naitiret. Ramin da ruwansa ke kwance ba motsi ba shi da wannan iskar, ko da an juye masa buhu guda na gari.

Ban ga sauyi a kwalbar gwaji ba sai da muka haƙa rami na biyu, muka sa masa injin hura iska mai aiki da sola, muka kuma zuba masa taɓo daga wani tsohon tafkin kifi domin ƙwayoyin su samu iri. A nan ma akwai abin lura da mai shago bai ambata ba, wato wannan aiki yana sa ruwa ya yi tsami, tunda giram ɗaya na naitirojin yana cinye abin da ya kai giram 7 na sinadarin da ke kashe tsami, kuma da zarar tsamin ya yi yawa ƙwayoyin sukan daina aiki. Kanwa tana gyara wannan, amma kaɗan-kaɗan ake sa ta, domin idan ta wuce kima amoniyar kan koma siffarta mai guba, wadda ke hana ƙwayoyin kansu sakat. Sanyin hunturu ma ya rage musu kuzari, ranar da yara suka wanke garke da bilic kuwa suka kora ruwan kai tsaye cikin ramin, sai da aikin ya koma baya sosai.

Ko naitiret ɗin ma ba shi ne ƙarshen magana ba, don naitirojin yana nan cikin ruwa, riga kawai ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a kowace lita ta ruwan sha, saboda yawansa kan hana jinin jarirai ɗaukar oksijin, kuma a ƙauyukanmu rijiya ba ta cika yin nisa da garke ba. Kafin naitirojin ya fita ya bi iska, sai ruwan ya ratsa wurin da babu oksijin, inda ƙwayoyi irin su Pseudomonas da Paracoccus ke shaƙar naitiret a madadinsa, su kuma suna buƙatar abinci mai zaƙi ko ɗanyen ruwan garke. Mu mazarƙwaila muke narkawa mu zuba a rami na uku.

Abin da ya fi ba ni haushi game da ledar shi ne babu ranar da aka yi ta, babu adadin ƙwayoyin da ke ciki, babu kuma ko kalma ɗaya a kan buƙatar iska, alhali hoton ruwa garai-garai ne a gabanta. Wanda damuwarsa wari da ƙudaje ce zai iya sayenta, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Wanda kuwa ke son sakin ruwansa a rafi ko kusa da rijiya, gara ya fara da injin hura iska da kwalbar gwaji, idan kuma zai sayi ƙwayoyin amoniya ya nemi na ruwa da aka rubuta sunan Nitrosomonas a jikinsu, ya tabbata ba a rana aka ajiye su a shago ba.