Kwas ɗin tsaftar abinci da dabarun aiki: abin da ya bi ni kicin da abin da ya tsaya a aji

Wata huɗu ke nan da na karɓi satifiket ɗin wani kwas na mako shida da ya haɗa abu biyu: tsaftar abinci, da kuma abin da suka kira dabarun samun aiki da riƙe shi. Da gangan na ƙi rubuta komai a lokacin, domin wanda ya fito daga aji da takarda a hannu, komai yabo yake. Sai da na yi wata uku ina wanke-wanke da yanke-yanke a kicin ɗin wani gidan abinci, sannan na iya tantance tsaba da ƙaiƙayi.

Ranar farko malamar ba ta buɗe littafi ba. Wani man shafawa ta matsa mana a tafi, ta ce kowa ya murza, sannan ya je ya wanke hannu yadda ya saba. Na wanke nawa ina dariya a ciki, ni da na shekara da shekaru ina girki. Da muka dawo ta kashe wutar ɗakin, ta kunna wata 'yar fitila mai shuɗin haske, ta ce mu miƙo hannu. Tafina fes. Amma gindin babban yatsa, da tsakanin yatsu, da gefen farce, da ƙarƙashin zobena, duk sai ƙyalli suke kamar ban taɓa ruwa ba. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, zoben nan a gida za a riƙa barin sa." Tun ranar ban sake jin daƙiƙa 20 na cuɗa sabulu sun yi mini tsawo ba. A nan ne kuma na fara jin cewa man nan na kashe ƙwayoyin cuta da ake gogawa a hannu ba ya maye gurbin ruwa da sabulu, domin ƙwayar norobairos mai sa amai da gudawa ba ta cika jin sa ba.

Kashin bayan kwas ɗin shi ne ƙa'idoji biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya: tsafta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa har ciki, ajiya a zafi ko sanyin da ya dace, da amfani da ruwa da kayan haɗi masu kyau. Malamar ta kawo ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, cewa kusan mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Sau ɗaya ta faɗa ta wuce, kuma na ji daɗin hakan, don ba tsoratarwa na biya kuɗi a yi mini ba.

Inda ta zauna sosai shi ne zancen zafi da sanyi, kuma a nan kuɗina ya fito. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selshiyos ƙwayoyin cuta suke samun yadda suke so, wasu har suna ninka kansu duk minti 20. Ta sa muka yi lissafin da kanmu a allo: ƙwaya ɗaya tal, bayan awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Shi ya sa ba a barin dafaffen abinci a waje fiye da awa biyu, kuma a dafa ko a ɗumama sai cikinsa ya kai digiri 70. Kowa ya riƙe ma'aunin zafi mai tsinke ya soka a cinyar kaza, a wurin da ya fi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Wadda na soka ta yi ja a waje har da ƙauri, cikinta kuwa bai kai ba. Ido ba mudu ba ne.

Abu biyu sun rushe mini tsohon sani. Na farko shinkafa. A da ina ganin nama da kifi ne kawai abin tsoro, ashe akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus wadda irinta ke tsallake tafasa, in shinkafa ta daɗe a waje da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Na biyu wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo. An yi gardama a aji har da ɗaga murya, ni ma ina cikin masu musu. Malamar ta ce wuta ce ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin ɗanyar kaza, irin su Salmonella da Campylobacter, ruwa kuwa fantsama su yake yi a bakin wurin wanke-wanke da kwanukan da ke kusa. Na yarda a baki ranar, zuciyata sai daga baya ta bi.

Launukan katakon yanka, ja na ɗanyen nama, shuɗi na ɗanyen kifi, kore na ganye da 'ya'yan itace, da ajiye ɗanyen nama a can ƙasan firji, da filasta mai shuɗi don a gan ta in ta faɗa cikin abinci, duk an koyar da su da kyau. Batun masu rashin jituwa da wasu abinci kamar gyaɗa, ƙwai da madara kuwa, rabin awa aka ba shi, alhali abu ne da kan kai mutum asibiti cikin mintuna. Jarrabawar ƙarshe ma wasa ce, zaɓi ɗaya cikin huɗu, wanda bai zo aji ba ma zai iya ci.

Sai rabi na biyu. Wani malami daban ne, mutumin kirki, amma karatu kawai yake daga majigi: ka zo a kan lokaci, ka yi shiga mai kyau, ka yi aiki da abokan aiki. Wa bai san wannan ba? Mun ɓata kwana uku a kan rubuta takardar bayanin karatu da aiki, kowa ya fito da iri ɗaya kamar an buga da hatimi. Abin da ya tsira a ɓangaren shi ne gwajin intabiyu na minti goma da aka ɗauka a bidiyo. Da na kalli kaina na ga tun daga farko har ƙarshe ƙasa nake kallo, kuma tambaya ɗaya sai na zagaya gari kafin in amsa. Wannan ya yi mini amfani ranar intabiyun gaske.

Babban kuskuren masu kwas ɗin shi ne sun koyar da rabin nan biyu kamar ba su san juna ba. A mako na uku da fara aikina aka ɗora mini duba firji da safe. Akwai takarda manne a ƙofa, ana rubuta sanyin sau biyu a rana. Na duba ma'auni, digiri 11, alhali bai kamata ya haura 5 ba. Na rufe, na jira, na sake dubawa, 11. Takardar kuwa 4 ce jere tun farkon mako, da biro ɗaya, har an riga an cike gurbin yammacin ranar. Robar ƙofar ta yage daga ƙasa. Wanda yake rubutawa ya girme ni, ya shekara shida a wurin, shi ya nuna mini inda ake ajiye komai ranar da na zo. Ya leƙo ya ce, "Ƙanwata, sa 4 kawai, haka ake yi."

Na san abin da 11 ke nufi, malama ta gama aikinta. Abin da ban sani ba shi ne yadda sabuwar ma'aikaciya za ta buɗe baki ba tare da ta tona asirin wanda ya riƙe ta ba, kuma wannan shi ne aikin malami na biyu. Na yi ta jujjuya biro a hannu. Daga ƙarshe na rubuta 11, na je na ce, "Oga, don Allah zo ka duba firjin nan, kamar robar ta lalace." Ban ambaci takarda ba, amma yana da ido. Aka zubar da kaji da duk abin da ke da madara, aka kira mai gyara. Yayan nawa ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata.

Haka batun rashin lafiya. An koya mana cewa mai amai ko gudawa ba ya taɓa abincin mutane sai ya yi awa 48 da warkewa. Har labarin Mary Mallon aka ba mu, kukun nan ta birnin New York da aka gano a 1907 tana yaɗa taifot alhali ita lafiyarta ƙalau, wadda ta mutu a killace a 1938. Labari mai daɗin ji. Amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce, to ga ki da ciwon ciki, ga ma'aikata sun yi ƙaranci, ga tsoron a yanke miki kuɗin kwana biyu, me za ki ce wa oga a waya? Da sun ɗauki kwana ukun da aka ƙona a kan takardar neman aiki sun sa mu gwada irin waɗannan maganganu baki da baki, yadda aka yi da intabiyu, da ban sami abin kushewa ba.

Wanda zai shiga aikin kicin, ko mai sayar da abinci da bai taɓa soka ma'auni a nama ba, ya yi kwas irin wannan, amma kafin ya biya ya tambaya ko za a taɓa kaya da hannu ko majigi kawai za a kalla. Wanda dabarun aiki kawai yake nema, ya duba wani wuri. Ni dai da albashina na farko na sayi ma'aunin zafi nawa na kaina, yana aljihun rigar aiki. Yayan nan nawa kuwa mun shirya, jiya ma shi ya are shi.