Gwangwanin tare baƙin mai: yana aiki, amma sai da kula

Motata Honda Accord ce ta 2013 mai inji 2.4, irin wadda nozul ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi, kamar yadda yake yi a tsofaffin injuna. Shi ya sa na karɓi shawarar makanikena a Sabon Garin Zariya, aka ɗaura mini gwangwanin da ke raba baƙin mai da iska.

Kowane inji, komai lafiyarsa, hayaƙi kan ɗan sulale ta gefen ringin fistin ya gangara inda baƙin mai yake. Bawul ɗin PCV ne ke mayar da wannan hayaƙin maƙogwaron inji domin a ƙone shi, sai dai yana tafe da tururin mai. Zafi ya gasa man a kan bawul ɗin shigar iska, ya daskare ya zama baƙin gawayi, mota ta fara rawa a silo. Gwangwanin a kan tiyon da wannan hayaƙin ke bi ake sa shi. Iska ta shiga ta bugi faranti da ragar ƙarfe da ke ciki, man ya taru ya ɗiga ƙasa, ita kuma ta wuce.

Nawa ya yi abin da aka ce. Tiyon da a da nake samu jiƙe da mai yanzu kusan a bushe yake, duk da zirga-zirgar Kwangila zuwa Samaru da hawa titin Kaduna. Abin da ya fi ɗaukar hankalina hunturu ne: gajeriyar tafiya da sanyin safiya kan tara ruwa a ciki, ya gauraye da mai ya yi kamar kunun gyaɗa. Wannan zubarwa ake yi, kada a kuskura a mayar da shi inji.

Ƙorafina biyu. Tiyon da ya zo da shi ya yi laushi da zafi, sai da muka sauya da mai jure mai. Sannan irin nawa ba ya mayar da man ƙasa da kansa, dole ka riƙa kwance shi kana juyewa, in ya cika inji zai zuƙe abin da ya tara.

Kafin ka biya, buɗe ka duba. Akwai masu arha da babu komai a cikinsu, fanko ne kawai. In kuwa motarka na fitar da shuɗin hayaƙi tana shan mai, a fara duba ringi, gwangwani ba zai gyara wannan ba.