Gargaɗi ga masu neman injinan katako: a guji cinikin biri a sama

Jama'a masu harkar katako, akwai wata damfara da ke yawo a intanet, kuma an ɗinka ta ne daidai wuyan mai neman injin gwanjo. Talla za ka gani a Facebook ko a shafukan sayar da manyan injina. Ga sikida, motar nan mai jan gumagumai daga inda aka kayar da bishiya zuwa bakin hanya. Ga fowada, mai hannun ƙarfe da ke loda gumagumai a bayanta. Ga injin tsaga katako na tafi-da-gidanka irin na Wood-Mizer. Hotuna tas, bayani dalla-dalla, farashi kuma ya ɗan sauka ƙasa da na kasuwa. Ba sa karya shi warwas, don sun san kowa zai tsargu. Suna rage shi ne daidai yadda zuciya za ta ce maka ka yi sauri kada wani ya riga ka.

Injin da ke cikin hoton na gaske ne, yana nan a wani wuri a duniya. Mai tallar ne bai taɓa ko taɓa shi ba. Hotunan kwaso su aka yi daga shafin wani dillalin ƙwarai a Finland ko Kanada ko Jamus, ko daga gwanjon da aka daɗe da rufewa. Wasu ma sunan kamfanin gaskiya suke ara, su kwafi shafinsa kaf, su sauya harafi ɗaya a adireshin, su sa lambar wayarsu da asusunsu. Sai ka bincika sunan ka ga kamfanin yana da rajista, yana da tarihi, hankalinka ya kwanta, alhali ba da su kake magana ba.

Labarin kullum da dalili mai taɓa zuciya: kwangila ta ƙare, ko mai injin ya rasu iyalinsa na neman rabuwa da kaya, ko banki ya matsa. Ka ce za ka turo wanda zai duba, sai a ce ai injin yana tashar jiragen ruwa, an riga an rufe shi a kwantena. To, nan ga wani abu da mai sana'a ya kamata ya kama nan take. Faɗin cikin kwantena bai wuce mita 2.35 ba, cikakkiyar fowada ko sikida kuwa faɗinta yana kusa da mita 3, wata ma ta zarce. Irin waɗannan ana tuƙa su ne su shiga cikin jirgi da ƙafafunsu, ko a ɗaure su a kan buɗaɗɗen dandamali, sai fa in an kwance su gunduwa-gunduwa. Wanda ya ce maka ya cusa ta ɗungurungum a kwantena ya kulle, bai san kayan da yake sayarwa ba.

Inda masu hankali ke faɗawa shi ne mataki na gaba. Mai sayarwar da kansa zai ce kada ka turo masa ko sisi. Akwai wani kamfanin dako, in ji shi, mai riƙon amana: ka ba su kuɗin su riƙe, su kawo maka injin, ka gwada na 'yan kwanaki, in bai yi maka ba su mayar maka da abinka. Wa zai ƙi wannan? Kamar kariya ce aka ba ka kyauta. Sai dai kamfanin dakon da mai injin mutum ɗaya ne. Shafin da suke ba ka don bin sawun kaya, wanda kake ganin ɗan jirgi yana matsawa a taswira kullum, su suka ƙirƙire shi, su ke matsar da jirgin da hannu.

Daga nan sai tatsa ta fara. Kuɗin inshora, kuɗin ajiya, kuɗin takardar wanke inji. Wannan na ƙarshen yana cin mutane sosai domin a kan gaskiya aka jingina shi: ƙasashe da yawa ba sa barin injin daji da aka yi aiki da shi ya shigo da ƙasa ko ɓawon itace a jikinsa, saboda ƙwari da cututtukan bishiyoyi, har akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2017 a kan haka. Ka bincika ka ga dokar tana nan, sai ka biya. Kuma duk wanda ya riga ya zuba babban kuɗi, ƙaramin da ake nema a gaba ba ya masa wuyar fitarwa, don yana ganin shi ne zai ceto na farko.

Gwajin da ke tona su ba shi da tsada. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, a gaban injin, ba faifan da aka ɗauka tuni ba. A nuna maka farantin da ke jikin ƙarfen injin mai ɗauke da lambar shaida, wadda a yawancin manyan injinan zamani haruffa da lambobi 17 ce. A tayar da shi kana kallo, a ɗaga hannun lodi, a juya shi. Ka faɗi wata kalma a rubuta a takarda a ɗora kan kujera. Mai kaya na gaskiya zai yi duk wannan cikin minti goma, yana ma murna. Na ƙarya kuwa sabis ne zai ɗauke, kyamara ta lalace, mai makulli ya yi tafiya. Lambar shaidar nan ka kai wa wakilin kamfanin da ya ƙera injin, John Deere ne ko Ponsse ko Komatsu ko Tigercat, ka roƙe shi ya duba ko ta dace da samfuri da shekarar da aka faɗa. In an ba ka lambar kwantena, haruffa 4 ce da lambobi 7, kuma a shafin kamfanin jirgin da ka rubuta adireshinsa da hannunka za ka duba ta, ba ta mahaɗin da suka turo ba. Sannan ka saka hotunan tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Sau da yawa za ka ga injin nan dai ana tallarsa a ƙasashe uku a lokaci guda. Ka kuma duba ranar da aka yi wa adireshin shafin rajista. Kamfanin da ke cewa ya shekara ashirin yana sana'a, shafinsa kuma watansa biyu da haihuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Ko da injin ya tabbata yana nan, da sauran aiki. Agogon da ke ƙirga awannin aiki ana cire shi a sa wani, amma kwamfutar injin tana riƙe da nata lissafin, kuma makaniken da ke da na'urar karantawa zai fito da shi. Jikin ƙarfe ma ba ya ƙarya. Gaɓar tsakiya, inda injin ke lanƙwasawa in zai sha kwana, da fil-fil ɗin hannun lodi, in suna wasa, to injin ya sha wuya ko me agogo ya ce. Sabon fenti a wuri guda a kan hannun lodi yakan ɓoye walda ne a kan tsagewa. A tambayi takardun mallaka kuma, domin injin sata ko wanda banki ke bin bashi a kansa, ranar da masu shi suka zo ɗauka ba ruwansu da rasit ɗinka.

Na ƙananan kaya ya fi tayar mini da hankali, wato zarton inji na jabu, don shi ba aljihu kaɗai yake ci ba. Ana kwaikwayon Stihl da Husqvarna har kala, har kwali, har ɗan littafin bayani. Sarƙar zarto tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan saman hancin takobin, wato ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa, ya taɓa itace, zarton yakan yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi, kuma abin da ke tsakaninsa da mummunan rauni shi ne birkin sarƙa, wanda ya kamata ya tsayar da ita kafin ƙiftawar ido. A jabu, wannan birkin wani lokaci ado ne kawai, robar da ke karyewa a karon farko. Kada wani ya ruɗe ka da ƙasar da aka rubuta a jiki: Stihl kamfanin Jamus ne, amma yana da masana'anta a Amurka da Brazil da Sin, don haka rubutun ba ya wanke kaya, ba ya kuma kama shi. Abin dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ba wadda ke kan takardar manne kaɗai ba, da kuma ko dillalin yana cikin waɗanda kamfanin ya amince da su. Ba ina sukar zarto mai araha ba ne. Wanda ya ƙera nasa ya sa masa sunansa, ka saya ka san me ka saya, wannan ciniki ne. Ɓarawo shi ne wanda ya manna sunan wani.

Maganar biya kuma gajeriya ce. Sunan asusu ya zama sunan kamfanin da ke kan takardar ciniki, a ƙasar da kamfanin yake. Asusun wani mutum daban, ko kirifto, ko hanyar aika kuɗi ta nan take, a tsaya. Haka in saƙon imel ya zo ana gab da biya cewa an sauya asusu, ko da daga dillalin da ka daɗe da sani ne, ka kira shi a tsohuwar lambar da kake da ita, domin ana kutse cikin akwatunan imel don wannan kawai.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa a ranar, ya nemi su yi ƙoƙarin janyo su, don da zarar an kwashe su daga asusun can sai dai haƙuri. Ya adana hirarraki da takardu da lambobin asusu, ya kai ƙara wurin hukuma, ya kuma sanar da kamfanin da aka ari sunansa. Kada ya ƙara ko kwabo, ko da sun rantse wannan ne biyan ƙarshe. Bayan 'yan makonni akwai yiwuwar wani ya kira shi, ya ce shi lauya ne ko jami'in bincike, an kama ɓarayin, za a dawo masa da kuɗinsa in ya biya na buɗe fayil. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa da lambarsa.