Kalimnos: bikin 6 ga Janairu ko na Ista, wanne ya fi nuna rayuwar masunta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanne ya fi cancantar a je a gani cikin bukukuwan nan biyu na tsibirin Kalimnos a Girka, can kusa da gaɓar Turkiyya. Ni dai Ista zan ce maka.

Na 6 ga Janairu gajere ne. Kiristocin Otodoks na tunawa da baftismar Yesu a kogin Urdun. Limamin coci zai tsaya a tashar jiragen ruwa ta Potiya, babban garin tsibirin, ya yi addu'a, ya wurga gicciye cikin teku. Nan take samari su auka ruwan sanyin hunturu, kamar an ba da izinin shiga su a Argungu. Wanda ya fito da shi, albarkar shekarar tasa ce. Yana da daɗin kallo, amma kusan duk garin bakin teku a Girka haka ake yi.

Ista kuwa ta mutanen Kalimnos ce. Bayan makonnin azumin barin nama, sai a cusa shinkafa a cikin ɗan rago ko ɗan akuya, a rufe a tukunyar ƙasa, ya kwana a tanda. Sunan abincin muuri. Sannan maza su hau duwatsun da suka kewaye gari su yi ta jefa nakiya, ƙararta na girgiza tagogi. Ba wasa ba ne, an taɓa rasa rayuka a kanta.

Abin da ya ba bikin nauyi shi ne sana'arsu ta nutso don ciro soson teku. A da, da an gama Ista jiragen ke tashi zuwa gaɓar Libiya da Tunisiya, sai bayan wata shida ko bakwai su dawo. Wato biki ne da sallama a haɗe. Rigar nutso mai hular ƙarfe da ta shigo a shekarun 1860 ta kashe da yawa, wasu suka dawo da shanyewar ƙafafu. Har rawa suke da ita, mihanikos, inda mai rawa ke dogara sanda yana karkarwa kamar gurgun mai nutso. Cutar da ta afka wa soso a 1986 ta durƙusar da sana'ar.

Sai dai ka duba kalandarsu kafin ka yanki tikiti: Istar Otodoks sau da yawa ba ta zuwa rana ɗaya da ta Katolika, takan faɗo a Afrilu ko farkon Mayu.